Dodon da Na Gina a Kebbe

Hannuna ya fi bakina iya zagi, kuma tun ina 'yar shekara goma na gane haka. A Tambuwal aka haife ni. Mahaifina akawu ne a ofishin ƙaramar hukuma, kuma katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata tsohuwa mai ginin tukwane. A wurinta na koyi mulmula yumɓu. Ita tana gina tulunanta, ni kuma ina gefe ina ɓata mata ragowar laka, har ta kai idan na kalli abu sau biyu zan iya fitar da kamanninsa. An yi ta yaba mini, ni kuma kaina ya yi ta kumbura.

Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo ƙasa. An ƙara wa su mahaifina albashi, ya sayi babur da rediyo, ni ma aka saya mini takalmi mai maɗauri. Mahaifiyata 'yar Kebbe ce, saboda haka duk hutun damina can ake tura ni, gidan kakana. Mota ɗaya ce ke zuwa, ita ma sai ranar kasuwa, kuma rabin tafiyar turi ne a cikin taɓo. Amma ina sauka sai in kakkaɓe zanena in shiga gari ina taku ɗai-ɗai, wai ni 'yar birni. Birnin kuwa Tambuwal ne.

Kakana malami ne, kowa Malam yake ce masa, har 'ya'yansa. Mu jikoki biyar ne a gidan a wannan hutun, maza uku, da ni, da wata ƙarama, ga kuma yaran maƙwabta da ba sa rabuwa da bayan rumbunanmu. A nan muke baje shanun laka da raƙuma da dawaki. Wata rana da hantsi Malam ya zagayo ya same mu. Ya tsaya ya duba garken nan, sannan ya sa ƙasan sandarsa ya taɓa wani sa da na gina, mai tozo da ƙaho kamar zai yi kuka.

"Ku ɗiyan ga," in ji shi, "kun san ran ƙiyama za a ce ku hura musu rai? To da mi za ku hurawa?"

Ya sa muka tattaka su da ƙafafunmu. Ni dai kuka na yi, ba don tsoron ƙiyama ba, don takaicin san nan nawa.

Wanda ya cece mu shi ne Kawu, autan su mahaifiyata. A lokacin bai wuce shekara ashirin da biyar ba. Yana da doro tun yana ƙarami, bayan wata jinya da ta kwantar da shi kusan shekara. Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu tudu, kansa kullum a ɗan karkace, hannayensa kuma sun yi wa jikinsa tsawo. Ko ana zafi kamar me, ba ya fita tsakar gida sai da babbar riga. Ya yi karatu a gaban Malam, ya ƙaro a Sakkwato, kuma na ji daga baya cewa ya san malamai sun sassauta wa yara a kan kayan wasa. Amma Kawu ba mutumin da zai ja da mahaifinsa ba ne. Sai ya durƙusa ya tambaya, idan yara suka gina abin da babu shi a duniya fa, wanda ba surar kowa ba? Malam ya ce mu dai mu ƙyale halittar Allah, sauran kuma shirme ne, mu je mu yi ta yi.

Haka wasan dodanni ya fara. Doka ta farko ita ce kada a gina abin da Allah Ya halitta. Doka ta biyu Kawu ne ya ƙirƙiro ta, ita ce ta sa wasan ya yi daɗi: dodo ba ya iya komai sai abin da jikinsa ya nuna. Ba ka isa ka ce naka yana tashi sama ba, sai mun ga da me zai tashi.

Muka raba bayan rumbu ya zama ƙasashe. Hanyar da ruwan indararo ke bi ita ce gulbi. Wani tsohon suri shi ne dutse. Inda ake zubar da toka ya zama ƙasar ƙishirwa, wadda ba a ratsa ta sai da guzurin ruwa. Kowa yana tafiyar da dodonsa da taƙin hannu, bi da bi, wanda ya fara kai wa gindin rumbun abokin gaba ya ci gari. Akwai Zangalo mai ƙafafun kara, taƙi uku yake yi a tafiya ɗaya kuma yana tsallake gulbi, amma ko hura shi aka yi sai ya faɗi. Akwai Tumbi-uku da ke haɗiye duk wanda ya matso, sai dai rabin taƙi yake iya ja. Wani yaron maƙwabta ya gina Baki-a-ciki, ba kai ba ido, haƙoransa na ƙaya a tsakiyar cibiya, kuma da yake ba ya gani sai mai shi ya rufe ido kafin ya motsa shi. Ƙaramarmu ta gina wani mai kunnuwa kamar faifai, ta ce da ɗaya yake shimfiɗa, da ɗaya yake rufa. Ba ya yaƙi, barci kawai yake yi, kuma babu wanda ya taɓa cin ta don ba ta taɓa barin gida ba.

Gardama kuwa ba a magana. Duk lokacin da ta kaure sai mu kwashi dodannin mu nufi zaure, inda Kawu ke zaune a kan buzu, bayansa a jikin bango. Zai ajiye littafi, ya karɓi dodo ya jujjuya shi, ya auna ƙafa da ciki, ya yanke hukunci da fuska a murtuke kamar gaske. Yana jin daɗin abin fiye da mu. Wani lokaci sai mun juya za mu fita mu ji ya fashe da dariya.

A wannan daminar akwai abin da ke cikin ransa wanda duk gidan ya sani. Gwamnati tana ta buɗe makarantu a ko'ina, ana neman malamai ido rufe, kuma an ɗauki Kawu zai koyar da Larabci da addini a firamaren garin da zarar an koma hutu. Mahaifina ne ya yi ta kai da kawo da takardunsa a kan babur. Wannan ne karo na farko da Kawu zai yi wani aiki a wajen zauren mahaifinsa, ya karɓi albashi, a ce da shi malamin makaranta. Har tela ya ɗinka masa riguna biyu masu faɗin wuya.

Abu ɗaya ne ke damunsa, kuma ni na gani da idona. Malamin zaure zama yake yi, ya jingina da bango, ɗalibai suna gabansa. Malamin boko kuwa dole ya miƙe ya juya wa aji baya ya yi rubutu a allo. Sau da yawa bayan azahar nakan leƙa in tarar da Kawu tsaye da gawayi a hannu, yana gwada rubutu a bangon zaure a kaikaice, yana neman tsayuwar da zai yi rubutu ba tare da ya ba da baya duka ba. Idan ya gan ni sai ya goge da hannun riga ya tambaye ni yadda malamanmu na Tambuwal suke yi. Ni na san wannan. Ina so a riƙe cewa na sani, don kada wani ya ce yarinta ce.

Ranar da abin ya faru, na gina wani dodo mai wuya kamar igiyar guga. Na ce yana tsaye a wannan gaɓa zai miƙa wuya ya cije na wancan gaɓa, ba sai ya motsa ba. Mazan suka ce ba su yarda ba. Muka tafi zaure. Kawu ya duba ya ce, "Ɗiyata, wuyan ga ya yi yawa, ƙirjin ga ya yi kaɗan. In ya miƙa, ba ya iya maido kai. Gulbi za shi faɗawa."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta fi ƙona mini rai. Mazan nan suka dinga tsalle suna waƙa, wai 'yar Tambuwal ta faɗa gulbi da takalminta. Ni da nake gina wa rabinsu dodanninsu! Na koma bayan rumbu ina huci, na jawo curin yumɓu.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa tulu kawai na yi niyyar ɗora wa sabon dodo a baya, don ya ratsa ƙasar ƙishirwa. Ƙarya ce. Tulun ba ya buƙatar a ɗaga kafaɗar dama. Ba ya buƙatar a karkata kai, ko a ja hannaye har gwiwa. Duk na yi su, a natse, har na sa tsinke na fitar da ninkin babbar riga a inda take tattarewa a ƙarƙashin doron. Ban taɓa gina abin da ya yi kyau kamarsa ba. Na dire shi a bakin toka na ce sunansa Goya-tulu.

Babban cikin mazan ya toshe baki. Sai dariya ta ɓarke, har da masu birgima a ƙasa. Wani ya ɗauke shi yana tafiyar da shi da ɗan rangajin nan na Kawu, yana yin ƙarar ruwa a tulu da bakinsa, ɓul-ɓul, ɓul-ɓul. Babu wanda ya ambaci sunan kowa, kuma babu buƙata. Ni kuwa daɗi ya cika ni. Wannan ma dole in faɗa.

Da wasa ya ci gaba, aka yi gardama ko Goya-tulu zai iya hawan dutse. Ƙaramarmu, wadda ba ta gane komai ba, ta sure shi ta ce a je wurin Kawu. Tafiyarta ba ta da sauri. Taku uku zan yi in kamo ta in murƙushe abin a hannunta, ɗanye ne ma, bai bushe ba. Na tsaya ina kallo, sannan na bi bayansu.

Kawu ya karɓa yana murmushi. Ya juya shi sau ɗaya, murmushin ya tsaya a inda yake. Ya daɗe yana kallonsa. Mazan duk sun sunkuyar da kai, ana jin kukan kaji a tsakar gida. Sannan ya yanke hukunci, da muryar da ya saba.

"Wanga ba ya hawan dutse, numfashi ka yanke mishi. Ba ya kwanciya rigingine. Ba ya gudu, ko an biyo shi. In sanyi ya yi, nan wurin ka yi mishi ciwo." Ya ɗora yatsa a ƙasan tulun. "Amma yana da haƙuri. Ku bar shi ya ratsa toka."

Ya ɗago ya dube ni. Bai tambayi wanda ya gina ba, hannu ɗaya ne a gidan zai iya.

"Sai dai kin karya doka, ɗiyata. Wanga kam Allah Ya halicce shi."

Ya miƙo mini da hannu biyu, a hankali, don kada ya lotse. Da ya mare ni da na ji sauƙi. Na fita na jefa shi a bayan katanga, kuma a wautata na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Kwana huɗu bayan haka motar kasuwa ta mayar da ni Tambuwal. Da na je sallama Kawu ya sa mini albarka, ya ba ni dabino, bai tayar da maganar ba.

Sauran labarin a bakin mazan gidan na tsince shi, guntu-guntu, a cikin shekaru. Yaran maƙwabtan nan duk 'yan makarantar ne, wasu ma a ajin da aka ba Kawu. Ranar farko lafiya. Rana ta biyu ya juya zai rubuta bismilla a allo, sai wani daga baya ya yi ɓul-ɓul. Ajin ya kwashe. Kafin mako ya zagayo, yaran da ba su taɓa ganin bayan rumbunmu ba sun san Goya-tulu. Suka koyi gina shi, ba kyau kamar nawa, curi biyu kawai a manne, Kawu ya shigo da safe ya tarar da shi a kan tebur, ko a cikin kwalin alli. Kawu ba mai duka ba ne. Hedimasta ya zane wasu a gaban taro, abin ya ƙara yaɗuwa, don yanzu har iyaye sun ji dalilin bulalar. Ya gwada koyarwa a zaune, ba rubutu, aka ce masa ba haka ake yi a nan ba. Bai cika zango biyu ba ya daina zuwa.

Ina tsakar gida ina tankaɗe lokacin da labarin ya iso Tambuwal. Mahaifina ya shigo ransa a ɓace, ko babur bai kafe da kyau ba. Ya ce wa mahaifiyata ƙanenta ya kunyata shi a gaban manya, ya zubar da aikin da mutane ke nema da kuka. Ya ce ragwanci ne, mutum ya saba zaman buzu ba zai iya aikin gwamnati ba. Mahaifiyata hawaye kawai take sharewa da bakin zane. Ni ina riƙe da rariya, gari yana zuba, bakina a rufe. Kalma biyu kawai zan faɗa, ni ce. Na ji tsoron bulala, kuma fiye da bulala na ji tsoron yadda mahaifiyata za ta dube ni. Har suka rasu su biyun ba su sani ba, domin Kawu bai taɓa faɗa wa kowa ba, mazan gidan kuma kowa yana tsoron nasa kason.

Rigunan nan biyu masu faɗin wuya sai ranar Juma'a yake sa su. Ya koma zaure yana ɗinkin hula, yana biya wa 'yan ɗalibai karatu. Bayan rasuwar Malam ya tashi ya koma Fakku, ya yi aure a can, ya zauna. Mutane suka ce neman wurin noma ne ya kai shi. Ni na san abin da yake gudu, kuma na ji cewa sunan ya riga shi isa.

Abin da zai ba mutum dariya, in da abin dariya ne, ni ce na zama malamar makaranta. Shekara talatin da wani abu ina juya wa yara baya ina rubutu a allo, ba wanda ya taɓa yi mini ko tari. Albashin da Kawu bai ci ba ni na ci shi, har da fansho. Nakan aika masa da shadda da turare da sukari idan azumi ya zo. Aike ba wuya. Sau uku na je Fakku da niyyar in durƙusa in ce ya yafe mini. Duk zuwan da na yi sai ya tare ni da murna, ya sa a dama mini fura, ya ce, "Ɗiyata malama, yaya ɗiyan mutane? Suna jin magana?" Yana tambaya da gaske, yana son ya ji yadda aji yake, littattafan da ake amfani da su, ko har yanzu da alli ake rubutu. Ni kuma sai in yi ta zuba, in cika shi da labari har la'asar ta yi, in tashi in ce hanya ba kyau. Nakan ce wa kaina tayar da maganar zai fama masa ciwo ne. Kaina nake tausayi, ba shi ba.

Saƙon rasuwarsa ya same ni a makaranta, ana tsakiyar jarrabawa. Washegari na kama hanya. A Kebbe na sauka na nemi babur, na samu wani magidanci mai furfura a gemu, ya ce shi mutumin Fakku ne, ba gidan da bai sani ba. Na san Kawu ya sake gida tun zuwana na ƙarshe, saboda haka na faɗa masa sunan Kawu. Ya yi tsaki na tunani ya ce masu wannan suna suna da yawa. Na haɗa da sunan Malam. Ya girgiza kai. Na ce malami ne, mai ɗinkin hula, jiya aka yi jana'izarsa, asalinsa mutumin Kebbe. Ya ce jiya mutum biyu anka rufe, wane daga ciki?

Rana tana dukana, mutane suna wucewa. Na duba hagu da dama, na rage murya, na faɗi sunan da na raɗa a bayan rumbu.

"Au, Malam Tulu!" in ji shi. "Hajiya, ai da kin ce haka tun farko. Allah Shi jiƙan shi, mutumin kirki na. Hau mu tafi."

Muka kama hanya, yana kauce wa ramuka yana ba ni labari. Ya ce Kawu ne ya yi wa 'ya'yansa uku huɗuba. Ya ce ko a wurin jana'iza sai da liman ya tambayi iyalinsa sunan yanka kafin a yi addu'a, don ba wanda ya riƙe shi. Ya ce shi dai bai taɓa jin marigayin ya amsa sunan ba, kuma bai taɓa jin ya hana ba, in an kira sai ya yi shiru kaɗan sannan ya juyo.

Da muka hango rumfar zaman makoki ya rage gudu, ya ɗan waiwayo.

"Ke da kike 'yar uwa tai, Hajiya, wai wa yas sa mishi sunan ga? Ko wane na, bai ji tsoron Allah ba."

Na gyara mayafina. Na ce masa ban sani ba, tun muna yara muka taso muka ji ana faɗa.